Ɗana ya bar daba ya shiga ƙungiyar kiɗa ta makaranta: in cire shi ko in bar shi?

Tambaya: Ɗana yana da shekara 16. Ya daɗe yana bin 'yan daba, an taɓa kama shi a wani faɗan unguwa, daga baya makarantarsu ta kore shi. Na mayar da shi wata sakandare, inda ya shiga ƙungiyar kiɗa ta makaranta, wato masu buga ganga lokacin fareti da taken ƙasa. Tun daga nan ya natsu, yana kwana a gida, sai dai karatunsa bai wani ɗaga ba, kuma mu ba gidan makaɗa ba ne. 'Yan uwa suna cewa in cire shi tun kafin ya zama maroƙi. Shin kiɗan ne ya gyara shi, ko kuwa wata ƙofar lalacewa ce aka buɗe masa?

Amsa: Malam, Allah ya ƙara shirya maka shi, ya kuma saka maka da alheri da ba ka yanke ƙauna a kansa ba lokacin da makaranta ta sallame shi. Shawarata ita ce kada ka cire shi a yanzu, kuma ba don ganga tana ɗauke da wani sirrin gyaran hali nake faɗin haka ba. Abin da ya natsar da ɗanka shi ne ya sami wurin da ake buƙatarsa, wurin da idan bai zo ba za a ga gurbinsa, kuma akwai babba a wurin da ke lura da shi ba da idon zargi ba. Idan ka zare shi ba tare da ka tanadar masa wani wurin da zai ba shi waɗannan abubuwa ba, akwai masu jiransa hannu bibbiyu, kuma ka san su.

Mu manya mukan kalli daba ta fuskar wuƙa da ƙwaya kawai, shi ya sa muke mamakin abin da ke jan yaro zuwa gare ta. Shi yaron wani abu daban yake gani. Wanda ya gaza a aji, wanda ba a kiran sunansa a gida ko a makaranta sai idan za a yi masa faɗa, yana isa daba za a laƙaba masa suna, a ba shi aike, a tsaya masa idan an taɓa shi, ya kuma sami na gaba da shi wanda yake jin maganarsa. Ko daba ce a Kano, ko sara-suka a Bauchi, ko kalare a Gombe, ko ƙauraye a Katsina, abin da suke ba yaro ke nan kafin su ba shi makami. A shekarun samartaka kuwa babu abin da ke juya yaro kamar idon tsaransa. A shekarar 2005 masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Margo Gardner da Laurence Steinberg, sun sa mutane yin wasan tuƙin mota a kwamfuta, wasu su kaɗai, wasu a gaban tsaransu, sai suka ga cewa matasa suna ƙara ganganci sosai idan abokai na kallo, alhali manya ba su cika sauyawa ba. Tun a 1993 kuma wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Terrie Moffitt, ta bambance yaran da fitinarsu ke farawa tun suna ƙanana ta bi su har girma, waɗanda su ne 'yan kaɗan, da masu rinjaye waɗanda fitinarsu ke tasowa a samartaka ta kwanta idan sun girma, muddin ba su faɗa tarkon da zai riƙe su ba, irin su shaye-shaye, zaman gidan yari, ko barin makaranta. Saboda haka babban aikin uban yaro irin naka shi ne ya ga ɗansa ya haye waɗannan shekaru ba tare da wata ƙofa ta rufe a gabansa ba.

Akwai labarin da ya kamata ka sani, domin a rubuce yake kuma mai shi ya sha ba da shi da bakinsa. An haifi Louis Armstrong, shahararren mawaƙi kuma mai busa ƙaho, a birnin New Orleans na Amurka a 1901, a unguwar matalauta baƙar fata da ta yi ƙaurin suna wajen faɗa da caca da karuwanci, mahaifinsa kuma ya bar gidan tun yana jariri. A daren shiga sabuwar shekara, ranar 31 ga Disamba 1912, ya ɗauko bindigar mijin uwarsa ya harba sama a kan titi, aka kama shi, alƙali ya tura shi gidan horon yara baƙar fata na birnin, wanda wani tsohon soja mai suna Joseph Jones yake gudanarwa da tsari irin na bariki. Gidan yana da 'yan badujala, malaminsu kuwa Peter Davis, wanda da farko bai ko so ganin yaron ba, domin a ganinsa babu abin kirki da zai fito daga unguwar su Armstrong. Yaron ya daɗe yana zama a gefe yana kallon masu atisaye kafin malamin ya kira shi, kuma da ya kira shi ɗin bai miƙa masa ƙahon busa ba. Ɗan ƙaramin bandiri mai kacau-kacau ya fara ba shi, sannan ganga, sannan wani ƙaho mai raka sauran, sannan begilar da ake busawa don tashi daga barci da cin abinci da kwanciya, daga ƙarshe ya ba shi ƙahon da ke jan ragamar kiɗan, ya kuma naɗa shi shugaban 'yan badujalar.

Ina so ka dubi matakin begilar nan da kyau, domin a wurina shi ne zuciyar labarin. Yaron da aka kawo a matsayin mai laifi ya zama shi ne wanda gidan gaba ɗaya ke jira da asuba, idan ya makara kowa ya makara. Ba wa'azi aka yi masa a kan riƙon amana ba, amanar aka ɗora masa a wuya, kaɗan-kaɗan, gwargwadon abin da zai iya ɗauka. Daga baya ƙungiyar ta yi fareti ta bi ta unguwarsu, mutanen da suka san shi a matsayin ɗan titi suka gan shi a gaba cikin kayan sarki yana busa, suka yi ta zuba kuɗi a hula. Da aka sallame shi a watan Yuni na 1914, ba da son ransa ya bar gidan ba. Ya koma ya yi dakon kwal a keken alfadari na shekaru kafin fitaccen mai busa ƙaho Joe Oliver ya kira shi birnin Chicago a 1922, daga nan sunansa ya game duniya, har a 1960 ya zo Nijeriya ya gana da Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello a Kaduna. Ban kawo wannan don in ce ɗanka zai yi suna ba, domin yawancin yaran da suka busa tare da Armstrong a gidan nan babu wanda ya san sunansu a yau. Na kawo shi ne don a ga yadda gyaran yake tafiya: malami guda da ya sauke zarginsa, nauyi da ake ƙarawa sannu a hankali, da ranar da jama'a suka kalli yaro da sabon ido.

To me ya sa ƙungiyar kiɗa ta iya abin da aji ya kasa? A aji, yaron da ya yi shekara biyu yana gararamba ya riga ya yi nisa a baya, kowane darasi tunatarwa ce a gare shi cewa ya gaza, sakamakon ƙoƙarinsa kuma ba ya fitowa sai ƙarshen zango. A filin fareti kuwa babu wanda ke tambayar makin da ka ci a lissafi, kuma kuskure da daidai duk nan take ake jin su. Ka tsaya ka kalli mai babbar ganga a safiyar Litinin: ganga rataye a ƙirji, sanda a hannun dama, ɗaruruwan ɗalibai a jere ƙafarsu ta hagu tana sauka daidai da bugunsa. Idan ya yi gaggawa da ɗan kaɗan, layi ya hargitse, na baya ya taka dugadugin na gaba, kowa ya waiwayo. Yaron da ya saba aikata abin da zuciyarsa ta raya masa nan take dole a nan ya koyi jira, ya ƙirga, ya saurari na kusa da shi, ya hana hannunsa sauka kafin lokaci, kuma yana yin haka ne ba don tsoron bulala ba, sai don ba ya son ya ba 'yan uwansa kunya. Ga kuma lokaci, wanda ake yawan rainawa. Sa'o'in da ke tsakanin tashi daga makaranta da magariba su ne sa'o'in da yaro ke samun sararin komawa tsohuwar majalisa, atisaye kuwa yana cinye su.

Sai dai damuwarka tana da tushe, kuma ba zan rage mata nauyi ba. Duk wanda ya san kiɗan tauri ko kiɗan gangi na mafarauta ya san ganga tana iya tsuma matashi har ya zare wuƙa, shi ya sa 'yan sanda a Kano suka taɓa hana kiɗan gangi saboda yadda 'yan daba ke fakewa da shi. Fatar ganga ɗaya ce, bambancin yana wajen wanda ke jagoranci da waɗanda aka tara da abin da aka taru a kai. A nan ne binciken da ya fi kowane tayar wa masu aikin gyaran matasa hankali yake shigowa. A ƙarshen shekarun 1930 aka fara wani shiri a garuruwan Cambridge da Somerville na jihar Massachusetts a Amurka, inda aka raba yara maza gida biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi aka haɗa su da masu ba da shawara, aka taimaka musu da karatu da magani, aka riƙa kai wasunsu sansanin hutu, rabi kuma aka bar su yadda suke. Bayan kimanin shekara 30 wata mai bincike, Joan McCord, ta bi sawun mutum 506 daga cikinsu, ta wallafa sakamakon a 1978, sai ga shi waɗanda aka taimaka ɗin ba su fi sauran ba, a wasu fuskoki ma sun fi su shiga matsala, kuma da aka sake duba bayanan daga baya sai aka ga abin ya fi muni ga waɗanda aka kai sansanin hutu fiye da sau ɗaya. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne, idan aka tara yara masu fitina wuri guda, suna ba juna labarin ɓarna ana dariya ana jinjinawa, to koyar da juna suke yi, kuma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. A ƙasar Suwidin ma, masu bincike Joseph Mahoney da Håkan Stattin sun nuna a shekarar 2000 cewa matasan da ke zuwa cibiyoyin shaƙatawa marasa tsari sun fi yawan aikata ɓarna, masu shiga ayyukan da ke da jagora babba da lokaci tsayayye da gwanintar da ake koya kuwa sun fi ƙarancinta.

Don haka tambayar da za ka yi ba ta kiɗa ba ce, ta tsarin ƙungiyar ce, kuma ba za ka sami amsarta daga zaure ba. Ka je makarantar da kanka, ka nemi malamin da ke kula da su, ka zauna da shi. Ka gano ko yana tsayawa har a tashi daga atisaye, ko kuwa yakan miƙa wa manyan ɗalibai mabuɗin ɗakin kaya ya kama gabansa. Ka dubi sauran yaran: idan yawancinsu natsattsu ne ɗanka ya shiga cikinsu, alheri ne, idan kuwa makarantar ta mayar da ƙungiyar wurin tara waɗanda suka gagari aji, to a nan ne ya kamata hankalinka ya tashi. Ka tambayi inda suke zuwa kiɗa. Fareti na Ranar Yara ta 27 ga Mayu, da na 1 ga Oktoba, da gasar wasanni ta makaranta, da bikin yaye ɗalibai, duk wuraren da malamai ke tsaye ne. Ɗaukar yara haya zuwa gidan biki da dare ko taron siyasa wani abu ne daban, kuma kana da cikakken haƙƙin ka ce ban da ɗanka, musamman da yake kowa ya san cewa a lokacin yaƙin neman zaɓe ne kasuwar daba ke buɗewa.

Game da karatunsa da bai ɗaga ba, wannan bai ba ni mamaki ba, kuma ina jan hankalinka kada ka yarda da masu cewa kiɗa yana ƙara basira. A Venezuela akwai shirin koyar da yara kiɗa a ƙungiyance da José Antonio Abreu ya kafa a 1975, wanda aka fi sani da El Sistema, aka kuma daɗe ana kambama shi fiye da kima. Da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya gwada shi a kan yara kusan 3,000 masu shekara 6 zuwa 14 a cibiyoyi 16, ta hanyar ba wasu gurbi nan take a jinkirta wa wasu, abin da aka samu bayan shekara guda shi ne ƙaruwar kamun kai da raguwar fitina, musamman ga yara maza da suka taso cikin tashin hankali, amma ba a ga ƙarin kaifin ƙwaƙwalwa ba. Abin da kake gani a gidanka ke nan. Ƙungiyar ta riƙe maka shi a cikin makaranta, wanda shi ne sharaɗin farko na kowane karatu, giɓin karatun da ya samu kuwa darasi ne zai cike shi, ba ganga ba. Ka nema masa mai koya masa Turanci da lissafi a gida tun kafin jarrabawar kammala sakandare ta matso. Kada kuma ka ce sai ya ci maki kaza zai ci gaba da kiɗa, domin idan ya gaza, kuma a farko zai iya gazawa, ka hukunta shi ke nan da raba shi da abu ɗaya da ke riƙe da shi.

Maganar 'yan uwa cewa zai zama maroƙi tana da asali a al'adarmu, inda kiɗa sana'a ce ta gado mai tafe da roƙo, kuma gidaje da yawa ba sa son a jingina su da ita, duk da girman da ake ba manyan makaɗan fada. Amma ɗalibin da ke buga wa fareti ganga ba ya yi wa kowa kirari, ba ya kuma miƙa wa kowa hannu, aikinsa ya fi kusa da na 'yan badujalar soja da 'yan sanda, kuma mafi yawan masu yinsa suna ajiye sandar ranar da suka bar makaranta. Ta fuskar addini kuwa, malaman fiƙihu sun yi saɓani a kan kayan kiɗa tun da daɗewa, wasu sun tsananta, wasu sun sassauta a kan wasu nau'o'i da wasu lokuta, kuma wannan fage ne da za ka koma wa malamin da ka amince da iliminsa. Abin da nake roƙo kawai shi ne ka kai masa tambayar a cike, da tarihin yaron da inda ya fito da inda ake tsoron ya koma, domin amsar da za a ba wanda ya tambayi hukuncin ganga kawai ba lalle ta zama ita ce za a ba wanda ya bayyana halin da ake ciki ba.

A naka ɓangaren, abu mafi amfani da za ka yi ba ya cin ko kwabo. Ranar da za su yi fareti ka je, ka tsaya inda zai gan ka, idan an tashi ka ambaci abin da ka gani dalla-dalla, kamar yadda ya riƙe bugun bai kauce ba har aka gama zagaye filin. Yaron da aka daɗe ana kira ɗan daba yana buƙatar ya ji wani sunan daga bakin mahaifinsa kafin ya gaskata cewa nasa ne. Ka kuma shirya wa ranar gwaji, domin tana nan tafe: ranar da wayar wani za ta ɓace a makaranta ko a gida, idanu duka su juyo kansa. Na sha ganin yaran da suka yi watanni suna tafiya daidai suka watse a irin wannan rana, ba don su suka ɗauka ba, sai don sun ga cewa duk abin da suka yi tsohon sunan bai goge ba. Ka gaya wa mahaifiyarsa da yayyensa, ka kuma gaya wa malaminsa, cewa a bincike shi kamar yadda za a binciki kowa, kada ya zama shi ne na farko kullum. Idan ma ya yi tuntuɓe da gaske, ya yi faɗa ko aka gan shi da tsofaffin abokai, a hukunta laifin daidai girmansa, domin barin daba ba a cika yinsa a tashi ɗaya ba.

Akwai abin da ƙungiya ba za ta iya ba, kuma dole in faɗa. A Kingston ta ƙasar Jamaika akwai makarantar Alpha da ta shahara wajen karɓar yara marasa galihu da gagararru tana koya musu busa, ta kuma fitar da gwanaye da dama, amma ɗaya daga cikin fitattunsu, Don Drummond, ya yi fama da taɓin hankali, ya kashe matar da suke tare a farkon 1965, ya rasu a asibitin masu taɓin hankali a 1969. Gwaninta ba ta maye gurbin magani. Idan ɗanka ya taɓa shan tiramadol ko kodin ko wiwi, ko kana ganin rashin barci, da saurin fushi fiye da kima, da yawan keɓewa, ka kai shi ga likitan ƙwaƙwalwa a asibitin gwamnati ko sashen ba da shawara na hukumar yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, ko da kuwa a fili ya natsu.

Idan bayan ka bincika ka ga tsarin ƙungiyar bai kwanta maka ba, ko malaminka ya ba ka fatawar da ta sa dole ya bari, to kada ka yi shi da umarnin dare ɗaya. Ka fara shigar da shi sabon wurin tun yana cikin tsohon, ko ƙungiyar agaji ce, ko sikawut, ko ƙwallo a ƙarƙashin koci mai mutunci, ko shagon koyon sana'a, ka kuma tabbatar can ma akwai aikin da aka ɗora masa shi kaɗai wanda ba zai yiwu ba sai da shi, sannan ka bari ya yi faretin ƙarshen zango ya miƙa gangar ga na bayansa da hannunsa. Ko ka cire shi ko ka bar shi, ka fara tunanin dogon hutun ƙarshen shekarar karatu tun yanzu, domin makonni ne da babu atisaye kuma babu malami, tsohuwar majalisa kuwa tana nan a bakin layi. Ka yi magana da malamin ƙungiyar kiɗan ko zai riƙa tara su ko da sau biyu a mako a lokacin hutun, in kuwa ba zai yiwu ba, ka sama wa yaron wurin zuwa kowace safiya a hannun mutumin da zai kira ka a waya idan bai gan shi ba.